Kada Ka Hau Hanyar Bida da Rufin Nan

Barkin Sale, Minna.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka a tafiyar da za ka yi, Ya sa aikin da ka samu a Ilori ya zame maka alheri. Ka gaishe mini da mutanen gidan da kake kwana a Chanchaga, ka ce na gode da suka ba ɗana tabarma. Mahaifiyarka ce za ta aiko maka da wannan, tunda wayarka ta daina shiga, ko kuma lambata ce kaɗai ba ta shiga.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro: kada ka hau hanyar Bida ranar Asabar da rufin da ka sa wa motar nan. Ka karanta har ƙarshe kafin ka sake yin wani fushin.

Na san abin da ka gani ranar da na dawo daga ta'aziyya a Katsina. Tsoho ya shigo gida, ya tarar ɗansa ya yi abin kirki, ya balbale shi da faɗa. Bari in gaya maka abin da ni na gani. Na turo ƙyaure, sai ga tsohuwar motata Cire-Hula tsaye a gindin mangwaro, an wanke ta, an hura tayoyinta, an kori kajin da suka mayar da kujerar baya akurki, a kanta kuma ga baƙin rufi sabo fil, a ɗame kamar fatar ganga. Motar da ta yi shekara da shekaru haƙarƙarinta a waje! Jakata ta suɓuce daga hannuna ban sani ba.

Mahaifiyarka ta fito daga kicin tana dariya. "Malam, ka gani? Ɗanka ne fa, da hannunsa. Cewa ya yi kada a gaya maka sai ka dawo."

Kai kuma ka fito kana murza busasshen gam a yatsunka, ka ce, "Baba, sannu da hanya. Yaya ka gan ta? In ka amince, da ita zan tafi."

Na ce, "Uban wa ya sa ka taɓa ta?"

Ka dube ni, ka dubi motar, ka sa takalminka ka fita. Mahaifiyarka ba ta raga mini ba. Ta ce, "Kaji sun yi ƙwai a cikinta sun ƙyanƙyashe, ba ka ce musu uffan ba. Yau yaro ya raya ta, shi ne ka ci masa fuska? Malam, wannan baƙin ran naka har ina zai kai mu?"

Na je na shafa rufin. Yankan ya yi kyau, ya fi nawa nesa ba kusa ba. Na tambayi mahaifiyarka inda ka samo awo. Ta ce, "Ai tsohon rufin ya ɗauko a ɗakin shirgi, yagaggen nan. Ya shimfiɗa shi a tsakar gida, ya zana a kan sabon tampol, ya ce gara ya bi aikin kamfani sak kada ya yi kuskure."

Nan na zauna a ƙasa, da babbar rigata da komai. Kabiru, wannan yagaggen ba aikin kamfani ba ne. Aikina ne. Ni na yanka shi, ni na manna shi, kuma ka kwaikwaye ni har inda na yi ɓarna, ba ka bar ko ɗaya ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mutane na faɗin haka suna murna. Ni ranar nan tsoro karin maganar ya ba ni.

Kana makarantar kwana lokacin da abin ya faru, abin da aka gaya maka kawai ka sani, wato guguwa ce ta ɗauke wa motar rufi. Ga yadda aka yi.

Na sayi motar 'yar Kwatano a farkon dawowar mulkin farar hula, ina ma'aikatar gwamnati, ina ji da digirina na ƙasar waje. Abokan aikina suna ta gina benaye da abin da ba nasu ba, ni kuwa abin da gumina ya iya saya ke nan, tsohuwar mota mai rufin tampol da ake naɗewa baya. Na so ta fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe. Yaran unguwa suka sa mata Cire-Hula, na yi kamar ban ji daɗi ba. Rufinta na asali ya riga ya tsattsage, ledar tagar baya ta yi ja kamar haƙorin mai cin goro. Shekarar da kakarka Hajiya za ta tafi Makka, na ce zan kai ta filin jirgi a ciki, ta ce, "Ni? A wannan mai yagaggiyar hular? Bari dai in shiga bas da mutane." Na ce mata, "To, ranar da za ki dawo a cikinta zan ɗauko ki. Zan sa mata sabon rufi, in naɗe shi baya, duk Barkin Sale su ga haƙorinki na Makka." Ta yi dariya ta ce Allah Ya kai mu.

Ban kai wa masu gyara ba, kuma ba zan ce maka ka kai musu ba. Na ga yadda suke buɗe mota su mayar da rabin notinanta, sauran su zuba a aljihu. Mutum yana iya sa wa motarsa rufi da kansa. Laifina ba yin aikin ba ne, yadda na yi shi ne.

Reza na sa wa tsohon rufin, na yanke shi gunduwa-gunduwa, don ina sauri in ga ƙarafan a fili. A bakinsa na gaba, inda yake haɗuwa da saman gilashi, na tarar da wani dogon ƙarfe mai faɗi, siriri, an danne tampol ɗin da shi, an ɗaure da ƙananan kusoshi masu murɗi a jere. A gefe biyu kuma, cikin kalmasar ɗinkin, akwai wata waya kamar ta birkin keke, ta taso daga gaba har baya. Kusoshin sun yi tsatsa, na kakkarya su da filaya. Na tsaya ina juya ƙarfen a hannuna, sai ilimina ya kawo mini amsa. Na zauna a ƙasar da ƙanƙara ke sauka ta taru a kan motoci, na gani da idona. Na ce wannan ƙarfe da wayoyin nan don nauyin ƙanƙararsu aka yi su, mu kuwa ina muka ga ƙanƙara a Minna? Gam mai kyau ya isa. Da 'yan gwangwan suka zo wucewa na miƙa musu duka, har ina jin na yi wayo.

Ba don ƙanƙara aka yi su ba. Don iska aka yi su. Ƙarfen shi ke hana iska shiga ta gaba, wayoyin su ke hana gefen ɗagawa. Jahili da ya ga abin da bai gane ba yakan ji tsoro ya mayar da shi inda ya same shi. Mai karatu ne ke ƙirƙiro dalilin jefar da shi, kuma dalilin ya yi daɗin ji. Don haka duk abin da ka tarar a ɗaure, a mota ko a ofishin da za ka, kada ka kwance shi sai ka san abin da yake riƙe da shi. Haka wasu yara masu sababbin takardu suka zo suka dube mu a ma'aikata, ba su ga amfaninmu ba, aka sallame mu da sunan gyara. Je ka ga ma'aikatar yanzu. Amma ba ni da bakin zaginsu sosai, tunda abin da suka yi mini shi na yi wa ƙarfen nan.

Ka tuna Baba Ndagi? Banufen nan mai sayar da yadi, wanda yake kawo maka ƙuli-ƙulin Bida a aljihun rigarsa. Ba ni da aminin da ya kai shi a garin nan. Ka san tsakanin Bakatsine da Banufe ba a gaisuwa sai da tsiya. Ranar da zan manna sabon rufin, wanda na yanka bisa awon da na yi daga ka, mai ɗinkin tampol ɗin manyan motoci ya haɗa mini, Ndagi ya zo a kan babur ɗinsa, ya tsaya yana kallona ina zagaya mota ni kaɗai, in ja nan can ya saki.

Ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Bawana, wannan motar naka ya fi ƙarfinka. Kawo in riƙe maka gefe ɗaya."

Na ce, "Banufe da aikin injiniya? Je ka auna atamfa."

Ya ce, "To ai atamfar ma mutum biyu ke ja kafin a yanka. Kai dai girman kai zai kashe ka, a rasa mai wanka."

Ya zauna a kan benci yana cin gyaɗa yana mini dariya har na gama. Shi ma bai san komai game da mota ba, kada ka ɗauka wani gwani na ƙi saurara. Hannu kawai ya miƙo, na ƙi karɓa, don ina so in ce ni kaɗai na yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, rufin mota ma haka. Dole wani ya ja dama kana jan hagu, daga tsakiya zuwa gefe, in ba haka ba wani ɓangare ya ɗame wani ya yi sako-sako, kuma ido ba zai nuna maka ba. Mahaifiyarka ta ce kai ma ka hana kowa taɓawa. Na ji wannan, na rasa inda zan sa kaina.

Sannan na yi gwajin banza. Na zagaya cikin gari a hankali da sanyin safiya, daga nan zuwa gadar Chanchaga na dawo, ina ɗaga wa mutane hannu. Rufi bai motsa ba. Na ce shi ke nan. Na manta cewa gam da ya riƙe da safe ba shi ne gam ɗin da rana ta dafa ba, kuma iskar cikin gari ba ita ce iskar buɗaɗɗiyar hanya ba. Da ina da lokaci wataƙila da na ƙara dubawa, amma an riga an ce jirgin su Hajiya na tafe, na kuwa yi alkawari. Kada ka bari ranar biki ta yanke maka ranar gama aiki. Kai ma Asabar ce ke tura ka, don kana so ka shiga Ilori a cikinta a san ɗan wane ya iso. Na san wannan ciwon, a wurina ka gada.

Ranar taryar alhazai aka yi jerin gwano kamar yadda aka saba, motoci da babura, ana ta oda. Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta fasa kai, don haka na bar rufin a rufe, da niyyar in naɗe shi a filin jirgi a gaban Hajiya. Ni ne a gaba. Ndagi yana bayana daf, ya ce shi ne ɗan sandan rakiyata. Da muka wuce Bosso hanyar Maikunkele ta buɗe, na taka mai. Na fara jin wani fal-fal-fal a saman kaina. Na ɗaga ido na ga rufin ya kumbura sama kamar cikin wanda ya ƙoshi, ga wani siririn haske ta gaba inda bai kamata a ga haske ba. Na kai hannu ke nan zan kama, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, rana ta faɗo mini a ka.

A madubi na gani. Baƙin abu ya buɗe a sama kamar ungulu, ya sauka a kan Ndagi, ya lulluɓe shi da shi da fitilar babur ɗin. Bai ga komai ba. Ya yi dama, ya yi hagu, ya daki bakin kwalbati, babur ya tashi ya faɗo masa a ƙafa.

Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ƙafar nan ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Da muka yaye tampol ɗin daga fuskarsa bai yi ihu ba, salati kawai yake yi, yana tambaya, "Me ya faɗo? Me ya faɗo?" Wasu matan Fulani masu tallan nono sun watse a gefen hanya, ƙwarya ɗaya ta fashe, ɗayarsu tana cewa, "Wayyo, iska ta cire wa mota kai!" Sai wani dattijo cikin 'yan rakiya ya ce, "Guguwa ce, na ga tasowarta." Babu wata guguwa, Kabiru. Ko ganye bai motsa ba ranar. Amma kafin a ɗaga Ndagi mutum uku sun riga sun gan ta, har da mai cewa irin mai aljanun nan ce.

Kawuna ya kama hannuna ya ce, "Kai wuce, jirgi ya sauka, tsohuwa na jira. Mu za mu kai shi wurin mai ɗori." Na kuwa wuce. Wannan ne abin da har gobe nake mamakin kaina a kansa. Na shiga mota, ƙarafanta tsirara, na tuƙa zuwa filin jirgi.

Hajiya ta fito da farin mayafi, ta ga motar, ta washe baki, haƙori na walƙiya. Ta ce, "Au, har ka cire mata hular tun daga gida?" Na ce e. Ta zauna a baya tana ɗaga hannu, yara na bin mu da gudu har ƙofar gida. A hanya ta ce, "Ina Banufen naka? Na yo masa tsarabar dabino da tasbaha." Na ce wani uzuri ne ya tsare shi.

Na je duba shi sau ɗaya. Yana kwance a tabarma, an ɗaure ƙafar da karare. Da ya gan ni ya ce, "Bakatsine, kai da motarka kun haɗa baki ku kashe ubangidanku, Allah bai yarda ba." Na kasa dariya. Ya ce, "Haba, saki fuska. Iska ne, ba kai ba ne. Ai a gabana ka yi aikin, na ga ya yi ƙarfi." Ƙofa ce ya buɗe mini in faɗi gaskiya, in ce na cire ƙarfe na ba 'yan gwangwan. Na buɗe baki na ce, "Ƙaddara ce." Ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Ƙaddara gaskiya ce, amma kada ka mayar da ita bargon rufe aikin hannunka. In ka cuci mutum, ko da kuskure ne, ka gaya masa tun ciwon yana ɗanye. Yafiyar da aka yi maka a kan abin da ba a sani ba ba ta sauka a zuciya. Ni ta hana ni komawa gidansa. Ya aiko, na ce aiki ya yi yawa. Ya sake aikowa, na ce ba na jin daɗi. Ƙafar ta ɗoru a karkace, hawan babur ya gagare shi, yawon kasuwannin ƙauye da yake yi da yadi ya tsaya, ya kwashe iyalinsa ya koma Bida. Mutane suka ce na yi wa aminina butulci don ya nakasa, na bar su a haka, don butulci ya fi mini sauƙin ɗauka a kan gaskiyar. Wani ya tsinto yagaggen rufin ya sa mini a but ɗin motar, na jefa shi ɗakin shirgi. Na kasa yar da shi, na kasa kallonsa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ɗana zai shimfiɗa shi a tsakar gida ya ɗauke shi malami ba. Shirun da na yi don in tsare mutuncina, ashe tarko na ɗana maka a cikin gidanku.

Kada ka yarda da maganata, na san ba ka da dalilin yarda da ita a yanzu. Zo ka duba da kanka. Ka saki maƙallan gaba, ka ɗaga rufin kaɗan, ka bi ƙarƙashin ƙarfen gaba da yatsa. Za ka ji ƙananan ramuka a jere, gam ya toshe su, babu komai a ciki. Ka duba can baya ta gefen tagogi, za ka ga 'yar ƙugiya a kowane ɓangare, tana jiran wayar da babu. Ka tambayi kanka abin da ya sa kamfani zai huda rami bai sa komai ba.

Aikinka bai lalace ba, bai dai ƙare ba. Mai walda zai yanko maka ƙarfe mai faɗi ya huda shi daidai da ramukan. Waya kuwa ta birki mai kauri za ta yi, a buɗe kalmasa a zura ta a ɗame. A yi mannin da rana tsaka, tampol ya yi laushi, mutum biyu suna ja. In ba ka ƙyamaci hannuna ba, zan riƙe gefe ɗaya, ba zan kuma yi maka lacca ba. Bayan nan a bar ta ta sha rana, a fita da ita buɗaɗɗiyar hanya inda babu kowa a baya, a ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Wannan ba zai yiwu kafin Asabar ba. Ka shiga motar haya ka je ka kama aikinka, ka dawo hutun farko mu gama. In kuwa lallai sai da ita, to ka naɗe rufin baya ka ɗaure shi tamau da igiya, rana ta gasa ka, ruwa ya dake ka, ka isa Ilori kamar jiƙaƙƙen zakara. Ba a mutuwa da wannan.

Ban ɓoye makulli ba, yana kan ƙusar da ka rataye shi. Motar taka ce, na ba ka, kai ba yaro ba ne da zan kulle wa ƙofa. Amma hanyar Bida cike take da 'yan acaba, wani da matarsa da goyo a baya, wani da buhu, kuma ba su yi maka komai ba. Don haka ka ji abin da na shirya. Na ari babur a wurin maƙwabcinmu Malam Sule, na sa masa mai, na gwada shi jiya a bayan gida, na faɗi sau ɗaya, mahaifiyarka ta ce na haukace. In ka fito ranar Asabar da rufin nan a rufe yadda yake, ba zan tare ka ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan hau in bi ka daf da daf, ba zan bar kowa ya shiga tsakaninmu ba, har inda ƙarfina ya ƙare. In zai tashi, ya sauka a kan wanda ya yi awon. Ka riƙa duba madubi.

Allah Ya tsare ka da sharrin ƙarfe da na hanya, Ya tsare mutane daga sharrin hannunka, Ya haɗa ka da abokai irin wanda na samu, Ya sa ka fi ni iya riƙe su. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce tuwonka na nan a rufe kullum.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.